Ma'aunin ra'ayin mai zaɓe: yadda ake gano jam'iyyar da ta dace da buƙatar mutum

Ma'aunin ra'ayin mai zaɓe hanya ce ta bincike da ke nuna wa mutum jam'iyyar da manufofinta suka fi kusa da ra'ayinsa. An fara shi a ƙasar Holan a 1989 da sunan StemWijzer, a takarda, kafin ya hau intanet a 1998. Jamus ta bi sahu da Wahl-O-Mat a 2002, Suwizalan kuma da Smartvote a 2003.

A tsarin Jamus, akan tsara batutuwa 38 a aika wa jam'iyyu, kowace ta amsa da amincewa, ko rashin amincewa, ko tsaka-tsaki. Mai zaɓe ma ya amsa su haka. Idan amsarsa ta yi daidai da ta jam'iyya, maki 2 ke nan. Idan ɗayansu na tsaka-tsaki, maki 1. Idan sun saɓa, babu maki. Yana da damar ninka makin batun da ya fi damunsa.

Ingancin ma'aunin ya dogara ne ga batutuwan da suka raba kan 'yan takara. A Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda tare da Maru suka haɗa mazaɓar Sanatan Zamfara ta Tsakiya, babban misali shi ne sulhu da 'yan bindiga: Bello Matawalle ya gwada shi a 2019, Dauda Lawal kuwa ya ce ba zai yi ba. Haƙar zinare, wadda Gwamnatin Tarayya ta haramta a jihar a 2019 ta kuma ɗage haramcin a 2024, ita ma batu ce.

Sai dai a Zamfara sunan jam'iyya ba ya tabbatar da manufa. Matawalle ya hau mulki a PDP bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 24 ga Mayu, 2019, ya koma APC a 2021. Don haka tsarin Smartvote, mai auna kowane ɗan takara da amsar bakinsa, ya fi dacewa.

Hanyar tambayar ma abin lura ce. Katse layukan waya a jihar a Satumba 2021 ya nuna raunin binciken da ya dogara ga waya. Hira ido da ido da Hausa, irin ta Afrobarometer, ta fi kai wa ga mutanen karkara, musamman idan mata ne suka shiga gidaje don jin ta bakin matan aure, aka kuma sa 'yan gudun hijira cikin lissafi.