Bature Mai Magani: Yadda Asibitocin Mishan Suka Shigo Ƙasar Hausa

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, idan ya wuce Birnin Ƙonni kafin ya kai Madawa, zai ratsa wani gari da ake kira Galmi, wanda albasarsa ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma, amma wanda marasa lafiya suka fi saninsa saboda asibitin da 'yan mishan suka kafa a gefensa a shekarar 1950. Har yau likitoci da ungozomomi daga Amurka da Ostireliya da wasu ƙasashe nesa sukan bar gidajensu, su zo su yi makonni ko watanni suna aiki a can ba don albashi ba, sai don abin da addininsu ya hore su da shi. Wannan al'ada kuwa tana da asali mai tsawo, wanda ya cancanci a waiwaye shi da adalci.

A ƙarshen shekarar 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar kutsawa cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki namu a lokacin. Cikin kimanin shekara guda ajali ya riski biyu daga cikinsu, Gowans a Girku, Kent kuma a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida da ransa. Daga wannan yunƙuri ne ƙungiyar mishan ta SIM ta samo tushe. A 1902 Andrew Stirrett, mai kantin magani a birnin Toronto, ya rabu da dukiyarsa ya biyo sahunsu, ya naƙalci Hausa, ya zauna cikin Hausawa har rasuwarsa a 1948, kuma su ne suka laƙaba masa Bature Mai Magani.

Sai dai ƙofar masarautu a rufe take gare su. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, jagoransu Lugard ya yi alkawari ba za a taɓa addinin jama'a ba, hukumar mulkin mallaka kuma, don gudun fitina, ta riƙa takura wa masu wa'azin Kirista shiga biranen Musulmi. Abin da wa'azi ya kasa buɗewa, cuta ce ta buɗe shi, cutar kuwa ita ce kuturta. Wajen 1937 aka danƙa wa SIM kula da gidajen kutare na larduna, wato Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya dubi al'amarin da idon basira. Kuturu a wancan zamani mutum ne da aka san shi da ƙoƙon bara a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, ana ba shi sadaka don neman lada, amma da wuya a ci tuwo a akushi ɗaya da shi. Sai ga wata Baturiya da ta ƙetaro teku ta durƙusa gabansa, ta kwance tsumman da ya ɗaure dungulminsa da shi, ta wanke gyambon da ruwan ɗumi, ta sake naɗe shi da tsabtataccen ƙyalle, gobe ma ta dawo. Maganin da ake da shi a lokacin wani mai ne da ake samu daga 'ya'yan itacen ƙasar Hindu, ana tsira shi da allura mai raɗaɗi, amfaninsa kuma kaɗan. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta bayyana, aka fara sallamar mutane da shaidar sun warke.

Ba na ɓoye cewa masu wannan hidima suna da manufa, su ma ba su taɓa ɓoye ta ba, domin akan yi karatun Linjila ga masu jiran ganin likita. Akasarin jama'a sun karɓi magani sun riƙe addininsu, wasu ƙalilan, musamman cikin mazauna gidajen kutare da 'ya'yansu, sun bi su. Malamai sun yi ta gargaɗi a kan haka, kuma damuwarsu tana da hujja. Amma abin da ya fi damuna ni shi ne, jinyar miskini kyauta aba ce da magabatanmu suka daɗe da saninta, tun da Sarki Ƙalawun ya gina asibitinsa a Alƙahira a 1284, ya tsayar masa da waƙafi domin a yi wa mai shi da marashi magani, amma wannan sunna ba ta kafu a biranenmu ba sa'ad da ake tsananin bukatarta.

Bayan kuturta sai ido. A 1943 aka buɗe asibitin ido na mishan a Sabon Garin Kano, inda Likita Douglas Hursh ya shahara da cire yanar ido, makafi suka riƙa zuwa da 'yan jagoransu daga ƙauyuka masu nisa. A ƙetaren iyaka kuma, ƙarƙashin mulkin Faransa, SIM ta fara zama a Damagaram a 1924, daga baya Likita Burt Long ya soma aikin Galmi, aka kuma buɗe asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi a 1956. Da zamani ya juya, gwamnati ta karɓi gidajen kutaren Najeriya, asibitin ido ya koma hannun cocin ECWA, amma Galmi ta ci gaba a hannun mishan. A harabarta 'yan jinya kan shimfiɗa tabarmi, su kafa murhu su dama wa majinyacinsu kunu, idan lokacin salla ya yi su yi alwala su fuskanci alƙibla, likita kuma yana ciki yana tambayar wata tsohuwa, da Hausar da ya koya jiya-jiya, ina ne yake yi mata ciwo.