Zafsa da Hamisa a Ƙofar Listira

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun karanta Ayyukan Manzanni sura 14, inda mutanen Listira suka ce Barnaba shi ne Zafsa, Bulus kuma Hamisa. Me ya sa suka ambaci waɗannan alloli biyu, suka bar sauran? Amsar tana cikin tatsuniyoyin Helenawa na dā.

Helenawa sun gaskata cewa manyan alloli goma sha biyu suna zaune a kan Dutsen Olimfus, dutse mafi tsawo a ƙasar Girka. Zafsa, wanda suke kira Zeus, shi ne sarkinsu, mai tsawa da aradu, mai tsaron baƙi kuma. Hamisa ɗansa ne, shi ne ɗan aike da kakakin alloli. Mawaƙansu irin su Homa da Hesiyod sun tsara labarun allolin nan wajen shekara 700 kafin haihuwar Almasihu. A cikin labarun, allolin suna kishi da fushi da yaudara kamar mutane, don haka tsoronsu ake ji.

Wajen shekara ta 8 bayan haihuwar Almasihu, wani mawaƙi Baroma mai suna Obid ya rubuta wata tsohuwar tatsuniya ta tuddan Firijiya, maƙwabtan ƙasar da Listira take. An ce Zafsa da Hamisa sun sauko cikin kamannin matafiya. Suka nemi masauki a gida dubu, kowa ya rufe musu ƙofa. Sai wani tsoho matalauci, Filimon, da matarsa Bokis suka karɓe su a bukkarsu. (Ba Filimon ɗin da Bulus ya rubuta wa wasiƙa ba ne.) Da tsofaffin suka ga tulun ruwan inabi yana cika da kansa, suka gane ko su wane ne baƙinsu. Allolin suka hallaka maƙwabta duka da ambaliya, suka mai da bukkar haikali.

Yanzu mu dubi abin da ya faru wajen shekara ta 47 ko 48. Baƙi biyu suka shigo Listira, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Ɗayansu ya yi magana, gurgu ya miƙe yana tafiya. Mai yiwuwa ne jama'a sun tuna da gida dubun nan, suka ƙudura ba za a maimaita laifin kakanni ba. Firist na Zafsa ya kawo bajimai da furanni domin hadaya. Wani masani, William Calder, ya sami rubutu a kan dutse a yankin nan, wanda ya haɗa sunayen Zafsa da Hamisa, alamar cewa tare ake yi musu sujada a can.

Manzannin suka kyakketa tufafinsu, suka ce su ma mutane ne. Ba a daɗe ba aka zuga taron, suka jajjefi Bulus, suka ja shi bayan gari suna tsammani ya mutu. Girmamawar da tsoro ya haifa ba ta daɗewa.

Yau ba mai yanka wa Zafsa bijimi a Listira, garin ma ya zama kufai. Amma halin ɗaga mutum zuwa matsayin Allah bai mutu ba. Idan aka yabe mu fiye da kima saboda wata baiwa, ko muka ga ana yi wa wani shugaba haka, mu tuna da manzannin nan biyu da suka ƙi karɓar hadaya. Ubangiji ya taimake mu.