Jean Leray da Jami'ar Fursunoni ta Edelbach

A arewacin ƙasar Ostiriya, cikin wani yanki mai kurmi da tsananin sanyi, an taɓa yin wani ƙauye da ake kira Edelbach, wanda hukumar Hitila ta tashi mutanensa bayan ta haɗiye ƙasar a 1938, domin ta mai da wurin filin rawar daji. Da Faransa ta faɗi hannun Jamus a 1940, nan aka kafa sansanin da aka laƙaba wa suna Oflag XVII-A, aka tsare hafsoshi wajen dubu biyar a ɗakunan katako, aka kewaye su da waya mai ƙaya. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta hana a tilasta wa hafsan da aka kama yin aikin ƙarfi, saboda haka abin da ya fi yi wa waɗannan mutane yawa, bayan yunwa da ɗari, shi ne lokaci. Kuma da yake akwai malamai da masana da yawa a cikinsu, sai suka yi shawara su kafa jami'a, suka naɗa wani hafsa mai shekara talatin da 'yan kai, Jean Leray, ya zama shugabanta.

An haifi Leray a 1906 a Chantenay, kusa da birnin Nantes, iyayensa duka malaman makaranta ne. Ya yi karatu a École Normale Supérieure ta Paris, kuma tun kafin yaƙi ya shahara a fannin hisabin gudanar ruwa da iska. A 1934 ya buga wata doguwar maƙala a kan ƙa'idojin Navier da Stokes na gudanar ruwa, inda ya kafa hujja cewa suna da wani irin warwara da ba ta yankewa komai tsawon zamani, ko da ruwan ya rikice ya shiga tambal-tambal. A wannan shekara kuma shi da Juliusz Schauder, wani malami Bayahude ɗan ƙasar Folan wanda 'yan Nazi suka kashe a 1943, suka fito da hanyar tabbatar da samuwar amsar mas'ala tun kafin a san ko mece ce amsar.

To, a nan ne al'amarin ya zama abin lura. Ilimin motsin ruwa da iska shi ne ilimin jirgin sama da na ƙarƙashin teku, kuma Leray ya sani sarai cewa idan masu tsaronsa suka gane irin gwanintarsa, ba mamaki su nemi ya yi musu hidima da ita. Sai ya ɓoye ta, ya gabatar da kansa a matsayin malamin topolojiya, fannin da a wancan zamani ba wanda yake zaton zai amfana wa mayaƙi da komai. Malamanmu sun yi gargaɗi mai tsanani game da ɓoye ilimi ga mai nemansa, amma ban ga yadda za a sa wannan a babin ba, domin hana azzalumi makami wajibi ne a kan duk wanda yake da iko, kuma mutumin bai rufe bakinsa ga ɗalibai ba ko da yini guda.

Ita topolojiya bincike ce a kan siffofin da ba sa sākewa idan an miƙar da abu ko an lanƙwasa shi, muddin ba a yaga ba, ba a kuma liƙe ba: maginiya tana iya mai da curin yumɓu akushi ko faranti, amma ba za ta mai da shi munduwa ba sai ta huda shi. Reshenta na aljabara yana ƙidaya irin waɗannan ramuka da adadi da alamomi, har a iya rarrabe siffofin da ido ba ya iya gani. Leray ya taɓa fannin a aikinsa da Schauder, amma bai zama gwaninsa ba, ga shi kuma littattafan da ke hannunsa ba su taka kara sun karya ba. Ina ganin wannan ƙarancin ne ya sa ya bi tasa hanya: maimakon ya daddatsa siffa gunduwa-gunduwa kamar yadda magabata suka saba, sai ya tambayi yadda za a ɗauki abin da aka sani game da kowane ɗan yanki, a harhaɗa shi har ya ba da labarin siffar baki ɗaya.

Ba shi kaɗai yake aiki cikin wannan hali ba. François Ellenberger, masanin duwatsu, ya duƙufa a kan tsakuwar da ke cikin harabar sansanin, yana goge ta har ta yi sirara a duba ta da madubin ƙara girman abu da aka harhaɗa da hannu. Ana karatu, ana jarrabawa, kuma bayan yaƙi hukumar Faransa ta amince da shahadodin da aka bayar a can.

Da aka sako shi a 1945, ya buga darussan da ya karantar a tsare, sa'an nan a 1946 ya fito da wasu gajerun maƙaloli a mujallar Majalisar Kimiyya ta Faransa, waɗanda suka ƙunshi abubuwa biyu da suka sāke fuskar hisabi. Na farko shi ne abin da ya kira dami, wato tsarin da yake rataya wa kowane yanki na siffa bayanin da ya keɓanta da shi, tare da ƙa'idar yadda bayanan suke haɗuwa. Na biyu wani jerin matakai ne na lissafi, wanda kowane mataki yake tace na bayansa, har a kai ga amsar da ba ta samuwa kai tsaye. Rubutunsa yana da wuyar fahimta ƙwarai, sai da masana hisabi Henri Cartan da Jean-Louis Koszul suka yi masa sharhi suka daidaita ibarorinsa. Jean-Pierre Serre ya ɗauki jerin matakan nan ya warware mas'alolin da suka gagari manya a kundinsa na 1951, aka ba shi lambar Fields a 1954 yana ɗan shekara 27. Alexander Grothendieck kuma ya gina sabuwar handasar aljabara a kan damin.

Shi kuwa Leray, wanda aka ba kujera a Collège de France a 1947 ya riƙe ta har 1978, bai daɗe a topolojiya ba, domin a wurinsa ita hadima ce ga fanninsa na asali, kuma daga baya can ya koma. An ba shi lambar Wolf a 1979 tare da André Weil, ya rasu a La Baule a 1998. Mas'alar da ya bari a 1934, wato ko warwarar ƙa'idojin Navier da Stokes tana zama sumul har abada, tana cikin guda bakwai da Cibiyar Clay ta sa wa kowaccensu ladan dala miliyan ɗaya a shekarar 2000.