Gidan da ke magana ba mai ji

A watan Mayu na 1950, mujallar Collier's ta Amurka ta buga wani gajeren labari na Ray Bradbury mai suna There Will Come Soft Rains. Labarin yaƙin nukiliya ne, amma ba soja a ciki, ba shugaban ƙasa, ba ma ɗan Adam ko guda mai rai. Gida ne kawai.

Mu duba zamanin tukuna. Kusan shekara biyar kenan da Amurka ta jefa bam a Hiroshima, ran 6 ga Agusta 1945, ta ƙara da Nagasaki bayan kwana uku. A Agusta 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada nata, a Janairu 1950 kuma shugaba Truman ya ba da umarnin a ƙera bam ɗin haidurojin. Cikin wannan fargaba Bradbury ya yi rubutu. An haife shi a Waukegan ta jihar Illinois a 1920, bai shiga jami'a ba, ɗakin karatu na gari ne ya zame masa makaranta.

Gidan yana Allendale ta Kalifoniya, shi kaɗai ya tsira a garin. Komai na'ura ke yi. Da safe murya ta faɗi lokaci, murhu ya dafa karin kumallo, ƙananan ɓeraye na ƙarfe su fito su share ƙasa. Ba wanda ya ci, sai a zubar. Masu gidan fa? Suna jikin bango ta waje: miji na yankan ciyawa, mata ta duƙa tsinkar fure, yaro da yarinya na wasa da ƙwallo. Hasken bam ya ƙone fentin duka, ban da inda jikinsu ya tare. Wannan ba ƙirƙira ba ce zalla, don a Hiroshima an tarar da irin wannan inuwa a kan matakalar wani banki. Karen gidan ya dawo a rame ya mutu, ɓerayen suka kwashe gawarsa kamar shara.

Ni da nake karatun ilimin harshe, muryar ce ta fi tsaya mini a rai. Ana koya mana cewa magana na buƙatar mai faɗi da mai ji. To ga gida da dare yana tambayar uwargida wace waƙa za a karanta mata. Shiru. Sai ya zaɓi waƙar Sara Teasdale ta 1918, wadda labarin ya ari sunanta, mai nuna cewa tsuntsu da itace ba za su damu ba ko mutum ya ƙare. Nahawu daidai, ladabi daidai, amma wa ake wa?

Daga ƙarshe reshen itace ya fasa taga, gobara ta cinye gidan. Bango ɗaya ya rage, yana ta maimaita kwanan wata: 5 ga Agusta 2026, kamar yadda yake a littafin The Martian Chronicles na 1950.

Ƴan uwa, ku lura Bradbury bai faɗi wanda ya fara harbi ba, bai faɗi wanda ya ci yaƙin ba. A ganina da gangan ne. Sanin mai nasara sai da wanda ya rage ya ba da labari, da wanda ya rage ya saurara. Ya rasu a 2012, makaman kuwa har yau suna nan a ajiye.