Bajamushen da Ya Haɗa Shuni a Kwalba

Kafin Turawa su zo, rini babbar sana'a ce a ƙasar Hausa. A Kano da Sakkwato, marina na jiƙa ganyen baba da toka a cikin rijiyar karofi, ruwan ya yi kwanaki yana ruɓa, sannan a tsoma zane. Da aka fiddo shi iska ta buge shi, sai ya koma shuɗi. Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya tarar ana kai rinannen tufafi har Timbuktu.

Wanda ya juya wannan kasuwa bai taɓa taka ƙasarmu ba. Sunansa Adolf von Baeyer, an haife shi a Berlin a 1835. Fanninsa haɗa sinadarai, wato a gano yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikin abin da tsiro ke samarwa, sannan a sake gina shi a ɗakin gwaji daga kaya masu araha.

Aikin ba na gaggawa ba ne. A 1865 ya fara binciken shuni. A 1880 ya samu hanyar haɗa shi, amma sai a 1883 ya tabbatar da ainihin tsarin sinadarin. Shekara 18 ke nan a kan abu guda! Duk da haka hanyarsa ta yi tsada ga masana'anta. Wata hanya da Karl Heumann ya fito da ita a 1890 kamfanin BASF ya bi, ya fara sayar da shunin roba a 1897, ana yin sa daga sinadaran kwal. Baeyer ya karɓi kyautar Nobel a 1905. Noman baba kuwa ya durƙushe a Indiya, kuma sannu a hankali shunin kanti ya shigo marinarmu.

To, ba asara kaɗai aikinsa ya kawo mana ba. Tun a 1864 ya haɗa wani sinadari, asid na barbiturik. Ɗalibinsa Emil Fischer tare da Josef von Mering suka fitar da maganin barci daga gare shi a 1903, sannan a 1912 aka samu phenobarbital. Har gobe maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma asibitoci irin su na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama na dogaro da irinsa wajen farfaɗiya da jijjigar jarirai.

Darasin a fili yake: ganyen na hannunmu, amma riba ta koma wurin wanda ya san tsarin sinadarin. Ɗaliban kemistiri a Sakkwato da ke tatsar bagaruwa da sabara suna gwadawa sun kama hanya. Sai dai tatsa matakin farko ce. Ana buƙatar na'urorin gano tsari, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kuɗin bincike mai jure shekaru.