John O'Shea: Mutumin Da Ya Riƙe Kowace Lamba A Old Trafford

Yau ba zancen Ronaldo ko Rooney na zo da shi ba. Zan koma kan wani da na daɗe ina ganin ba a yi masa adalci ba, wato John O'Shea, ɗan garin Waterford na ƙasar Ireland.

Ya fara buga wa babbar ƙungiyar Manchester United wasa a 1999, ya bar ta a 2011 zuwa Sunderland. Wasa 393, ƙwallo 15, kofin Firimiya biyar. Amma in ka tambayi magoya bayan United lamba nawa yake bugawa, sai gardama ta kaure. A kakar 2002/2003 lamba uku ya riƙe, har ya zura wa Luis Figo ƙwallo ta tsakanin ƙafafu ranar da Real Madrid ta je Old Trafford. Da Roy Keane ya bar ƙungiyar a ƙarshen 2005, sai Ferguson ya mayar da shi tsakiya tare da Ryan Giggs. Lamba biyu ma ya buga, tsakiyar baya kuwa dama can aikinsa ne.

Ni dai shekarar 2007 ce ba na mantawa. A watan Fabrairu United tana cin Tottenham 4-0 a White Hart Lane, sai Van der Sar ya karye a hanci, ga shi canji ya ƙare. O'Shea ya karɓi safar hannu ya shiga raga. A gidan kallon unguwarmu har an fara dariya, ana jiran abin kunya. Can sai ga Robbie Keane, abokin wasansa a tawagar Ireland, ya taho daga shi sai gola. O'Shea ya fito ya tare shi ya hana shi ci. Wallahi ihun da aka yi ya fi na ƙwallaye huɗun.

Wata guda bayan nan, a Anfield, Liverpool ta matse United, an ba Scholes jan kati, kowa ya haƙura da canjaras. Ana daf da tashi Ronaldo ya buga bugun tazara, Reina ya amayar, O'Shea da ya shigo daga benci ya ɗaɗa ta a raga. Ɗaya da nema. A shekarar United ta karɓo kofin Firimiya bayan shekara uku tana kallon Arsenal da Chelsea suna ɗagawa.

To amma fa iya komai yana da nasa tsadar, kuma a nan nake so mu tsaya. Wanda kociya ya san zai iya toshe kowace ɓaraka, shi ake fara ajiyewa a benci saboda ko-ta-kwana. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2008 a Moscow, O'Shea daga benci ya kalli wasan har aka ɗaga kofi. Shekarar da ta biyo baya, shi ya ci Arsenal ƙwallo ɗaya tilo a karawar farko ta wasan kusa da na ƙarshe, aka fara da shi a Rome, Barcelona ta doke su 2-0. Kun ga, wanda aka ci bai buga ba, wanda ya buga ba a ci ba.

Wasu na cewa da ya tsaya a lamba ɗaya da ya fi haka suna. Ni ban yarda ba. Da Ferdinand da Vidic a gabansa, da ya kafe sai tsakiyar baya, da tuni an sayar da shi. Sauƙin kansa ne ya zaunar da shi shekara goma sha biyu a hannun Ferguson, mutumin da ba ya jin nauyin sallamar kowa, ko Beckham ne.

A wasansa na 100 da rigar Ireland, a Oktoban 2014, shi ya farke wa Jamus ƙwallo a mintin ƙarshe, wata uku kacal bayan ta ɗauki kofin duniya. Ya rataye takalmi a 2019 yana Reading.

Ku bar mana ra'ayinku a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba.