Sabuwar waya a kasuwar Matameye: sunan kamfani, farashi da abin da mai saye ke nema

Duk shekara manyan kamfanonin ƙera wayar salula suna fitar da sabon samfuri, kuma labarinsa yakan riga shi isowa. Kafin kwali ɗaya ya sauka a Matameye, matasa sun riga sun ga hoton wayar a Facebook da TikTok, sun san yawan idanun kyamararta, sun yi gardama a kanta a fada wajen shan shayi. Amma daga sha'awa zuwa ciro kuɗi akwai tazara. A wannan yanki, abubuwa huɗu ne ke yanke hukuncin ko sabuwar waya za ta karɓu: ƙarfin batir, samun kayan gyara, canjin naira da sefa, da kuma yadda damina ta kasance.

Garin da hanyoyinsa

Matameye ita ce cibiyar gundumar Kance, a kudu maso yammacin jihar Damagaram. Daga birnin Zinder ana biyowa ta Takeita da Kance, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Daga garin kuma hanya ta miƙe kudu zuwa Ɗan Barto, bakin iyaka, inda ake tsallakawa Kwangwalam a jihar Katsina, a wuce Daura har Kano. Yanki ne na manoman gero, gyaɗa, wake da rake, kuma ɗaya daga cikin wuraren da jama'a ta fi cunkoso a Nijar. Da yawa daga cikin mutanensa suna tafiya cin rani Najeriya, Agadas, Aljeriya ko Libiya. Saboda haka waya a nan kayan aiki ce: da ita ake aika saƙon murya ta WhatsApp ga wanda ke nesa, da ita ake jin farashin buhu a wata kasuwa, da ita ake samun labarin kuɗin da aka turo ta NITA ko Amana.

Sunayen da suka cika shagunan

Wanda ya leƙa teburin mai sayar da waya a Matameye, ko a kasuwar Dole ta Zinder, sunaye uku zai fi gani: Tecno, itel da Infinix. Mutane da yawa suna ɗaukar su abokan hamayya, alhali uwarsu ɗaya ce, wato kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006. Tun farko kamfanin ya mai da hankali kan Afirka, ya fara kafa ƙafa a Najeriya, ya buɗe masana'antar harhaɗa waya a Habasha a 2011, sannan ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai a 2019. Cibiyoyin da ke bin diddigin cinikin waya, irin su IDC da Canalys, suna ƙiyasta cewa kusan rabin manyan wayoyin da ake shigowa da su Afirka na wannan kamfani ne.

Ya raba sunayen ne bisa ƙarfin aljihu. itel ta mai ƙaramin ƙarfi ce, da wanda ke barin waya mai madannai a karon farko. Tecno tana tsakiya, da jerinta na Pop, Spark, Camon, Pova da Phantom. Infinix, wadda ta fito a 2013, an nufi matasa da ita, da jerin Smart, Hot, Note da Zero. Cajoji da na'urorin saurare na Oraimo da cibiyoyin gyara na Carlcare duk na gidan ne. Bayan waɗannan sai Samsung ta Koriya ta Kudu, musamman jerin Galaxy A, da Redmi ta kamfanin Xiaomi, sai kuma iPhone ta kamfanin Apple na Amurka, wadda ta fi kowace suna amma ta fi kowace ƙaranci a hannun jama'a.

Yadda ake fitar da sabon samfuri

Kowane kamfani yana da lokacinsa. Apple, wanda ya fitar da iPhone ta farko a 2007, ya saba gabatar da sabuwa a watan Satumba. Samsung yana fitar da jerin Galaxy S a farkon shekara. Tecno kuwa lamba yake ƙarawa: Camon 20 a 2023, Camon 30 a 2024, Camon 40 a 2025. Ana rakiyar kowane samfuri da talla mai yawa. Tecno yana da yarjejeniyar talla da ƙungiyar Manchester City tun 2016, kuma yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar cin kofin Afirka da aka buga a Cote d'Ivoire a farkon 2024. Wanda ya kalli wasa a gidan kallon ƙwallo ya ga sunan a gefen fili ko bai nema ba.

Sau da yawa bambancin da ke tsakanin samfurin bana da na bara ba shi da yawa: siffar baya, ɗan ƙarin ma'adanar bayanai, saurin caji. Babban tasirin fitowar sabuwa a gari kamar Matameye yana kan tsohuwa ne. Da zarar sabuwa ta shiga shago, farashin ta bara yakan sauka, masu hali su sayar da tasu su cika kuɗi su ɗauki sabuwa, wadda suka saki kuma ta faɗa hannun wanda bai taɓa riƙe babbar waya ba. Samfuri ɗaya da ya fito yakan motsa ciniki har hawa uku.

Hanyar da waya ke bi kafin ta iso

Kusan duk wayoyin nan a Asiya ake ƙera su. Wasu suna shigowa ta Yamai ta hannun dillalan da kamfanoni suka amince da su, su biyo ta Maraɗi ko Zinder. Wasu kuma ta Najeriya suke zuwa: daga kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas zuwa kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut a Kano, daga nan ƴan kasuwa su sari kaɗan-kaɗan su haura ta Daura.

Wannan hanya ta biyu ce ta sa farashin waya a Matameye yake bin rawar naira. Sefa a ɗaure take da kuɗin euro, a kan 655,957 kowane euro ɗaya, ita kuwa naira tun watan Yunin 2023 aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi. Daga kimanin naira 460 a dala ɗaya ta Amurka a farashin hukuma, ta wuce 1.400 a farkon 2024. Idan naira ta faɗi, mai jika a hannu yakan samu rangwame na ɗan lokaci a kan kayan da ke cikin shago a Kano. Rangwamen ba ya daɗewa, domin da kuɗin Amurka dillali ke sayo sabon kaya, kuma da ya yi sabon sari sai ya ɗaga farashi.

Iyaka ma tana da nata tasiri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sa an rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a sake buɗe ta ba sai watan Maris na 2024. A tsawon waɗannan watanni, kuɗin sufuri da wahalar hanya sun hau kan kowane kwali da kowane gilashin gyara da ya tsallako.

Abin da mai saye ke dubawa

Na farko batir. Babban kaso na wutar da NIGELEC ke rabawa a jihohin Maraɗi da Damagaram daga Najeriya yake zuwa, kuma jama'a ba su manta da katsewar da aka yi a watan Agustan 2023 ba. A ƙauyuka da yawa sai an kai waya wurin mai caji na sola ko na janareta an biya. Shi ya sa batir mai ƙarfin 5.000 mAh, wanda ke iya wuni har ya kwana, ya fi kyan siffa daraja. Tsohuwar Nokia 1100 mai tocila, wadda ta fito a 2003, da riƙe caji ta yi suna, kuma har yau da wannan ma'auni ake auna sababbi.

Na biyu layi biyu. A Nijar kamfanonin sadarwa huɗu ne: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ya gaji Orange a 2019, da Niger Telecoms da aka samar a 2016 bayan haɗe Sonitel da Sahelcom, dukansu ƙarƙashin kulawar hukumar ARCEP. Rezo ba ya zama daidai a ko'ina, garaɓasar kira da ta intanet ma ta bambanta, ga mai zirga-zirga kuma akwai buƙatar layin Najeriya. Waya mai ɗaukar layi biyu na cikin abubuwan da suka fara ɗaga sunan Tecno.

Na uku kyamara. Transsion ya daidaita kyamarorinsa yadda za su fitar da fuskar baƙar fata da kyau ko da haske ya yi ƙaranci, ya kuma sa harsunan Afirka, har da Hausa, cikin wayoyinsa. Ga mai ɗaukar hoton biki ko mai tallar atamfa da turare ta WhatsApp, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na huɗu gyara. Gilashi yana fashewa, bakin caji yana lalacewa da ƙura, batir yana kumbura da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40. Wayar da mai gyara na bakin tasha yake da kayanta, a wuni ɗaya take dawowa hannun mai ita. Wadda sai an aika Zinder ko Kano neman gilashinta tana iya yin makonni a ajiye.

Darajar suna

A nan suna yana aiki iri biyu. Akwai na alfahari, wanda iPhone ta fi kowa: saurayi ya ajiye ta a kan tebur bayanta na sama, ko a sa ta cikin kayan toshi da lefe. Mafi yawan iPhone da ke yawo a yankin na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai, Amurka ko Dubai. Suna da matsalolinsu. Tun daga iPhone 14 ta 2022, samfurin da ake sayarwa a Amurka ba shi da gurbin saka layi. Wayar da tsohon mai ita bai fitar da asusunsa na iCloud ba tana iya kullewa ta zama ba ta da amfani. Kuma a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan tsofaffi irin su iPhone 5s da iPhone 6.

Akwai kuma suna na amana, wanda shi ne ya fi yawa a ciniki. Manomi ko ɗan kabu-kabu da ya zaɓi sunan da kowa ya sani yana lissafin ranar da zai sayar ne. Waya a nan ajiya ce kamar akuya: idan rashin lafiya ya taso ko hatsi ya ƙare a rumbu, ana iya kai ta kasuwa a karɓi kuɗi a ranar. Sanannen suna yana samun mai saye nan take, baƙon suna kuwa sai an karya shi ƙwarai.

Lokutan da ciniki ke tashi

Kalandar kamfanoni daban take da ta masu saye. A Matameye ciniki yana tashi ne da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, bayan an sayar da wake da gyaɗa, sai lokacin rake, da gabanin sallah ƙarama da babba, da kuma dawowar ƴan cin rani kafin saukar damina. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da abinci ya yi tsada kuma kuɗi suka tafi gona, masu sayar da tasu sun fi masu saye yawa. Samfurin da ya fito a tsakiyar damina yakan jira kaka kafin ya samu kasuwa.

Abin lura kafin a biya

Shaharar suna ita ke jawo jabu. Akwai wayoyin da aka kwaikwayi siffarsu, da tsofaffin da aka sauya wa jiki aka mayar cikin kwali kamar sababbi. Kowace waya tana da lambar shaida mai suna IMEI, mai alƙaluma 15. Idan aka danna *#06# za ta fito, sai a gwada ta da wadda ke jikin kwali. Yana da kyau a shiga saitin wayar a duba ainihin girman ma'adanarta, a saka layi a yi kira, a gwada caji da kyamara a gaban mai shago, a kuma tambayi ko garantin yana aiki a Nijar ko sai a ƙasar da aka saro ta. Alamar 5G a jikin kwali tana ƙara farashi, amma ba ta amfanar da komai sai inda kamfanin sadarwa ya kafa na'urorinta.

Ga waya ta hannu, a tabbatar mai ita ya fitar da asusunsa na Google ko iCloud kafin a rabu. A karɓi takardar shaidar ciniki mai ɗauke da lambar IMEI da sunan mai sayarwa, domin idan wayar ta zama ta sata, wanda aka same ta a hannunsa shi jami'an tsaro za su fara tambaya.